Bin gaɓar Bahar Maliya da mota a lokacin hutu: tambayoyi da amsoshi ga 'yan uwa mazauna Saudiyya

Duk shekara, da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, sai tambayoyi su fara zubo mini, wasu a bakin masallaci bayan tarawihi, wasu ta waya da tsakar dare. Dalili kuwa 'yan uwa a nan Jidda da Makka sun san ni da kwasar iyali a mota mu bi bakin teku idan an yi hutu. Na yi arewa, na yi kudu, na ji daɗi, na kuma sha wuya daidai gwargwado. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda. Wanda ya sake tare ni a bakin masallaci, nan zan turo shi.

Arewa za mu yi ko kudu?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara warwarewa a gida kafin a taɓa makullin mota. Titi mai lamba 5 ne ya bi gaɓar tekun, tun daga Haƙal da ke kusa da iyakar Jodan har ya wuce Jizan ya kai iyakar Yaman, tsawon da ya haura kilomita 1,700. Jidda tana wajen tsakiya. Saboda haka mutum ɗaya ba zai yi duka biyun a hutu ɗaya ba, sai dai in tuƙin kawai ya fito yi.

Idan ruwa kuke so, wato teku mai haske wanda za ka tsaya a ciki ka hango yatsun ƙafarka, ku yi arewa: Rabig, Yanbu, Umluj, Al-Wajh. Idan kuma mutane da kasuwa da gonaki kuke so, ku yi kudu: Al-Lis, Kunfuza, Jizan. Ni dai zuciyata tana kudu, kuma zan faɗi dalili a ƙasa. Amma wanda bai taɓa fita ba, ga ƙananan yara, arewa nake tura shi, domin Yanbu ba ta da nisa, titin yana da faɗi, kuma in wani abu ya faru akwai manyan asibitoci da gareji.

Kwana huɗu kawai aka ba ni a wurin aiki. Zan iya kaiwa Haƙal in dawo?

Motar za ta iya. Kai da iyalinka ne ba za ku ji daɗi ba. Daga Jidda zuwa Haƙal ya haura kilomita 1,000, zuwa da dawowa sama da 2,000 ke nan. Raba wannan a kwana huɗu, za ka ga kullum kana kan sitiyari awa shida ko fiye, ban da tsayawa salla da cin abinci da kai yara bayi. Za ka dawo gida da ciwon baya, yara kuma abin da za su tuna shi ne bayan kujerar gaba.

Na taɓa yin wannan wautar. Muka kai Duba da dare, muka kwana, da safe muka leƙa teku na minti ashirin, na ce a hau mota. Uwargida ba ta ce mini komai ba sai da muka wuce Al-Wajh a hanyar dawowa, sannan ta ce, "Malam, sunan garin ma Duba, amma ko duba shi ba mu yi ba." Har yau in na fara lissafin tafiya mai nisa sai ta tuna mini.

Ga mai kwana huɗu, iyakarsa Umluj a arewa ko Kunfuza a kudu. Jizan da tsibiran Farasan suna son kwana shida. Haƙal tana son mako guda cur.

Wane hutu ya fi dacewa?

A 'yan shekarun nan Ƙaramar Salla tana faɗowa cikin watan Maris, kuma kowace shekara tana matsowa baya da wajen kwana 11, wato tana ƙara shiga lokacin sanyi. Wannan alheri ne ga mai son bakin teku. Daga Nuwamba zuwa Maris gaɓar tana da daɗi, musamman kudu. Hutun tsakiyar shekara na makarantu ma yana faɗowa a wannan tsakanin, haka Ranar Kafuwa ta 22 ga Fabrairu.

Babbar Salla kuwa tana da matsala biyu. Ta farko zafi. Ta biyu aikin Hajji: hanyoyin da ke kewaye da Makka suna cika da shingayen bincike, kuma ba a shiga Makka a lokacin sai da tasrihi, wato takardar izinin Hajji. Kada tausayi ya sa ka ɗauki wani a hanya wanda ba ka san takardunsa ba, domin hukuncin ɗaukar mai niyyar Hajji ba tare da izini ba yana da tsanani, kuma ga baƙo yana iya ƙarewa da kora daga ƙasar.

Dogon hutun bazara, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, shi ne mafi wahala. Zafin gaɓa ba irin na Riyad ba ne, zafi ne mai laima wanda riga ke manne wa jiki tun kafin ka kai bakin mota. A wajen Jizan kuma lokacin ne na ƙurar da suke kira gubra, wadda ke rufe hanya kamar hazon hunturu a Arewa. In dole sai a bazara za ku fita, ku yi arewa can sama, wajen Duba da Haƙal sun fi sauƙi.

Waɗanne takardu zan riƙe?

Iƙamarka, wato katin izinin zama, da ta kowa da ke cikin motar, har jariri. Ruksar tuƙi, wato lasisi, ta Saudiyya mai rai. Istimarar mota, wato takardar rajistarta. Ta'amin, wato inshora. Da kuma shaidar fahas, binciken lafiyar mota na shekara-shekara. Yawancin waɗannan suna cikin Absher da Tawakkalna, manhajojin gwamnati na waya, kuma jami'ai suna karɓar na waya, amma ni ina riƙe katunan a aljihu, domin waya takan mutu daidai lokacin da ake neman ta.

Ka buɗe Absher mako guda kafin tafiya ka duba ranakun ƙarewa. Ofisoshi suna rufewa a hutun Salla, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda iƙamarsa ta mutu, ko yake da matsala da kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a iƙama, shawarata ya zauna gida ya gyara. Akwai shingaye a mashigar garuruwa, kuma suna ƙaruwa idan ka kusanci Jizan saboda iyaka.

Motar ta yayana ce, ya ce in ɗauka. Ya isa?

Bakinsa bai isa ba. Sai ya yi maka tafwidi ta Absher, wato ya sa sunanka a matsayin wanda ya ba izinin tuƙa motar, kai kuma ka amince daga naka ɓangaren. Aikin minti biyar ne. In kuwa motar haya ce, kamfanin ne zai yi, amma ka karanta adadin kilomitan da aka yarje maka a rana, domin yawancin yarjejeniyoyin suna da iyaka, abin da ya hau kai kuma biya za ka yi. A hutun Salla motocin haya suna ƙarewa da wuri.

Surukina ya zo Umara daga Kano. Zai iya bin mu?

Zai iya. Tun 2022 aka yarda mai bizar Umara ya zaga garuruwan ƙasar cikin kwanakin bizarsa. Ya riƙe fasfonsa, kuma a lissafa ranar fitarsa da kyau, domin gabanin Hajji akan sanar da ranar da dole masu Umara su bar ƙasar. Tuƙin kuma ka bar wa kanka, ko da ya ce shekara talatin yana Kano zuwa Legas.

Me zan duba a jikin motar?

Taya, kafin komai. Kwaltar nan tana ɗaukar zafi, kuma tsohuwar taya mai kyan gani ita ce ke fashewa ana tsakiyar gudu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ta kwana biyu, canza ta ko da zanenta bai cinye ba. Ka sa mai banshar, wato mai faci, ya auna iska da safe kafin tayar ta yi zafi, ya duba safaya, kai kuma ka tabbata jak da sifana suna cikin but.

Bayan haka ruwan lagireto, baƙin mai, birki, batir, da mukayyif, wato na'urar sanyaya mota. Kada ka raina mukayyif. Motar da sanyinta ya mutu tsakanin Al-Lis da Kunfuza da azahar, da yara shida a ciki, ba wurin zama ba ce. Ka sa katon ɗin ruwan sha biyu a baya, ɗaya na sha, ɗaya na ko-ta-kwana.

Mai fa? Akwai gidajen mai a hanya?

Akwai. Tun Yulin 2021 aka tsayar da farashin lita a riyal 2.18 na mai lamba 91, da 2.33 na mai lamba 95. Daga Jidda zuwa Umluj da dawowa wajen kilomita 1,000 ne. Motar da ke shan lita 10 a kowace kilomita 100 za ta sha lita 100, riyal 218 ke nan. Ka ga mai ba shi ne abin tsoro a wannan tafiya ba.

Dokata ita ce in allura ta kai rabi, mahaɗɗa ta gaba, wato gidan mai, zan shiga. Bayan Yanbu tazarar da ke tsakanin garuruwa tana kai kilomita 150, kuma ba kowace mahaɗɗa ce ke da bayi mai tsafta ko masallacin mata a buɗe ba. In kun sami mai kyau, kowa ya sauka ya biya buƙatarsa, ko yana ji ko ba ya ji.

Me ya sa kullum kake hana tafiyar dare, alhali dare ya fi sanyi?

Saboda raƙumi. Mutanenmu suna son su tashi bayan isha'i, wai yara su yi barci a hanya, a wayi gari an isa. Na fahimci dabarar, amma ban yarda da ita ba. Raƙumi yana da tsayi, fitilar mota tana haska ƙafafunsa ne kawai, kuma launinsa ya saje da dare da rairayi. Kafin ka gane abin da ke gabanka ka riga ka isa. Idan mota ta daki ƙafafun, gangar jikin kan gilashin gaba take faɗowa, wurin da kai da mai ɗakinka kuke zaune. An yi shingen waya a wurare da dama, amma shinge yana yagewa, kuma akwai inda babu shi, musamman kan ƙananan hanyoyin da ke gangarawa bakin ruwa.

Ga kuma barci. Wanda ya yi wata guda yana tsayuwar dare, ya yi Idi, ya zaga gaishe-gaishe, sannan ya hau miƙaƙƙen titi wanda babu kwana babu gargada, idonsa zai rufe bai sani ba. Titin gaɓa haka yake, miƙe kamar an ja zare.

Ni bayan asuba nake tashi. Kafin rana ta yi zafi mun ci kilomita 300, kafin magariba kuma motata tana fake.

Sahir fa?

Sahir, wato tsarin kyamarorin kama masu karya dokar hanya, ba ya barci, ba ya jin magiya. Kyamarorin suna kan titin gaba ɗaya, wasu a kafe, wasu a cikin mota a gefen hanya. Iyakar gudu a yawancin manyan hanyoyi kilomita 120 ce a awa, wasu 140, amma da ka kusanci gari ko shinge sai allon ya sauko da sauri, kuma a nan ake kama mutane. Ka bi allo, kada ka bi motar gabanka. Riƙe waya a hannu ana tuƙi tararsa daga riyal 500 zuwa 900 ce, rashin ɗaura bel daga 150 zuwa 300. Yaron da bai kai shekara goma ba kuma baya ake sa shi. In wani ya taho a guje yana ƙyafta maka fitila, koma dama ka ba shi hanya, ba gasa ka fito ba.

A ina za mu tsaya a hanyar arewa?

Daga Jidda za ka wuce Abhur da Suwal, inda jami'ar kimiyya ta Sarki Abdullahi take tun 2009, sannan Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullahi, inda jirgin ƙasan Haramaini yake da tasha. Rabig tana wajen kilomita 150, wuri mai kyau na karin kumallo.

Kafin Yanbu akwai ratse da nake roƙon kowa ya yi, wato Badar. Ba ta bakin teku, sai an ɗan shiga ciki ta hanyar Madina, amma me ya fi ka tsaya da yaranka a filin da aka gwabza ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira? Akwai maƙabartar shahidai 14 da allon sunayensu, ga Masallacin Arish. Yarana sun karanta Badar a Islamiyya shekara da shekaru, amma ranar da suka ga tsaunukan da tudun rairayin da idonsu ne suka fara yi mini tambayoyi na gaske.

Yanbu tana wajen kilomita 330 daga Jidda, kuma gari uku ne a suna ɗaya. Akwai Yanbu ta masana'antu, wadda aka tsara ƙarƙashin Hukumar Sarauta da aka kafa a 1975, inda bututun man da ya ratso ƙasar daga gabas yake ƙarewa. Tana da lambuna da bakin ruwa mai tsafta, kuma a nan ake bikin furanni. Akwai Yanbu ta bakin teku, tsohon gari mai gidajen murjani da tagogin katako da kasuwar dare. Sai Yanbu ta dabino can ciki. Ku kwana a nan.

Umluj tana gaba da wajen kilomita 150. Daɗinta yana cikin ruwa: ana hayar kwalekwale mai inji a zaga tsibirai, ruwan kuma shuɗi ne garau. A yi ciniki kafin a hau, a tabbata akwai rigar ceto ga kowa. Tsakanin Umluj da Al-Wajh ne ake manyan otal-otal na shirin Bahar Maliya, har da filin jirgin da aka buɗe a 2023. Waɗannan ba na aljihun irinmu ba ne, a wuce a yi musu fatan alheri.

Mai dogon hutu ya ci gaba zuwa Al-Wajh da Duba, inda jiragen ruwa ke tashi zuwa Safaja ta Masar, sannan Al-Bada'a a ƙasar Madyana, inda akwai ɗakunan da aka sassaƙa cikin dutse da ake kira Magayir Shu'aib. Yankin yana cikin aikin gina sabon birnin Neom da aka sanar a 2017, saboda haka akwai manyan motoci da hanyoyin da aka karkatar. A Haƙal kana tsaye kana hango duwatsun Sina'i a tsallaken ruwa.

To kudun da kake yabo fa?

Farkonta babu abin kallo, gaskiya. Fili ne fetal. Amma tun a nan tarihi ya fara: Shu'aiba, kudu da Jidda, ita ce tashar jirgin ruwan Makka kafin Sayyidina Usman ya mayar da ita Jidda a shekara ta 26 bayan Hijira, kuma daga nan Sahabbai suka hau jirgi a hijirar farko zuwa Habasha.

Al-Lis tana wajen kilomita 200, garin masunta da gonar jatan lande, da maɓuɓɓugar ruwan zafi a gabashinta. Kunfuza tana gaba. Waɗannan sunaye biyu ba baƙi ba ne a gidajen Hausawan Hijaz. Kakanninmu da suka taho a ƙasa, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, suka yi shekaru suna noma a Sudan don tara guzuri, daga Sawakin suka tsallako, kuma ba duka aka sauke a Jidda ba. Wasu jiragen katako sun zube su a wannan gaɓar, suka ƙarasa Makka da ƙafa. In na tsaya a bakin ruwan Al-Lis na dubi yamma, abin da nake tunawa ke nan.

Daga Kunfuza ƙasar take fara sauyawa. Za ka wuce baƙaƙen duwatsun Al-Birk, ka shiga Tihamar Jizan, kwatsam sai ga gonakin dawa da gero da riɗi. Ga bukkoki masu tsinin kai a tsofaffin ƙauyuka, ga awaki, ga mangwaro, ga kasuwannin mako-mako. Har man riɗi suna matsewa, wasu da raƙumi yana zagaya turmi. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, da muka kai ta ta ga zangarniyar dawa, sai ta sa na tsaya ta sauka ta taɓa. Ta ce rabonta da ganin dawa a tsaye tun tana budurwa. Ba ta damu da tekun ba ko kaɗan.

Jizan tana wajen kilomita 700 daga Jidda. Kada a yi ta a yini ɗaya, a kwana a Kunfuza. Wanda zafi ya dame shi kuma, daga Darb akwai hanyar da ke hawa dutse zuwa Abha, amma hawa ne mai kwane-kwane, sai mai birki lafiyayye. Abu ɗaya da za a kiyaye a kudu: kwaruruka. Ruwa yakan sauka a kan duwatsu, kai kana ƙasa rana tana haske, sai ambaliya ta taho. Kada a yi zango a cikin kwari, kada a ratsa ruwa mai gudu.

Da gaske jirgin ruwan Farasan kyauta ne?

Da gaske ne, mutum da motarsa. Amma sai an yi rajista tun da wuri, kuma gurbin mota shi ne ke fara ƙarewa a lokacin hutu. Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan kai. A je tasha da wuri da iƙama da istimara, domin akwai bincike irin na filin jirgi. In ba ka sami gurbin mota ba, bar ta a Jizan ka yi haya a can. A tsibirin akwai tsohon ƙauyen Ƙassar, da gidan Rifa'i mai ado wanda ya samo asali daga zamanin cinikin lu'ulu'u, da barewa, da kurmin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Ka tabbatar da tikitin dawowa kafin ka tsallaka.

Masauki fa?

Ga mai iyali, shuƙaƙ mafrusha, wato gidajen haya masu kayan ɗaki, sun fi otal: ɗaki biyu da falo da kicin, a dafa abin da ake so. A kama tun kafin Salla, kuma a riƙe shaidar biya a waya. Wata shekara na dogara da alkawarin baki da wani mai gidaje ya yi mini ta waya, muka isa da la'asar ya ce farashin jiya daban na yau daban, ya ninka. Da yara a mota, ga gajiya, na biya ina ƙuna. Laifina ne.

Kwana a bakin teku cikin tanti yana da daɗi lokacin sanyi, amma a wuraren da aka yarda kawai. Gaɓar tana hannun dakarun tsaron iyaka, kuma in suka ce a tashi, a tashi da fara'a.

Me za mu ci?

Kifi mana. A Suwal da Rabig da Yanbu da Al-Lis akwai gidajen da za ka zaɓi kifinka a kan ƙanƙara, a auna, a soya ko a gasa, a kawo da shinkafar sayadiyya. Najil shi ne sarki kuma shi ne mai tsada. Hamur da sha'ur da harid ba su da laifi. Ka tambayi kuɗin kilo kafin a sa wuƙa. Da safe ful da tamis, wato wake da gurasa, ba ya cin kuɗi kuma yana riƙe ciki. A Jizan a nemi marsa, wadda ake yi da gurasa da ayaba da zuma da man shanu, da kuma gurasar dawa mai tsami da suke kira khamir.

Daga gida kuma Hajiya ta haɗo dambun nama da cincin da yaji da filas ɗin shayi. Ranar Idi da washegari shaguna da yawa a ƙananan garuruwa ba sa buɗewa sai yamma. Tsiren da 'yan Hijaz suka karɓa daga hannunmu suke kira siriya ma yana tafiya, amma a cinye shi a zangon farko, kada ya wuni a mota.

Yara za su iya wanka a ko'ina?

A'a. Inda aka kafa allon izini kawai. Bahar Maliya tana da yaudara: za ka yi tafiya mai nisa ruwa iya gwiwa a kan murjani, sai ƙasa ta yanke lokaci ɗaya, zurfi ya buɗe. Yawancinmu kuma, mu faɗi gaskiya, ba mu iya ruwa ba. Babba ɗaya ya tsaya kan yara, ba ya waya, ba ya hira. A sa musu takalmin roba saboda murjani yana yanka, ga bushiyar teku mai ƙaya, ga wani kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse. Gishirin tekun ya fi na yawancin tekuna, domin babu kogin da ke zuba cikinsa ga kuma zafin rana, saboda haka a tanadi jarkar ruwan daɗi ta ɗauraye jiki da ido.

A kiyaye ɗaukar hoton iyalan mutane. Doka ta hana ɗaukar mutum ba da izininsa ba, kuma ko babu doka ba tarbiyyarmu ba ce.

Yaya za mu yi da salla?

Tafiyar ta kai ta ƙasaru. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, tazarar ita ce mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, kuma matafiyi yana ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. In ka bi limamin gari kuwa, cikawa za ka yi.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne miƙati. Hanyar arewa tana wucewa ta Juhfa kusa da Rabig, ta kudu kuma ta Yalamlam. Wanda ya juyo da niyyar wucewa Umara kai tsaye, a nan zai ɗauki harami, saboda haka a sa shi cikin jaka tun daga gida.

Wata Hajiya ta ce: ni ma ina da ruksa, in karɓi maigida a hanya?

Ki karɓe shi, Hajiya. Tun Yunin 2018 mata suke tuƙi a ƙasar nan, kuma direba biyu sun fi ɗaya. Sharaɗin dai shi ne na kowa: in motar ba da sunanki take ba, a yi miki tafwidi, a kuma duba ko ta'amin ya haɗa da ke. Alhaji kuma in ya koma kujerar gefe ya yi barcinsa, ya daina taka birkin da babu shi.

In mota ta lalace ko aka yi hatsari, wa zan kira?

A yankunan Makka da Madina, 911. Wannan ya haɗa da Jidda da Rabig da Al-Lis da Kunfuza da Badar da Yanbu. Umluj zuwa sama yankin Tabuka ne, Al-Birk ta Asir ce, sai Jizan. A can ka riƙe 999 na 'yan sanda, 997 na motar asibiti, 998 na kashe gobara da ceto, 996 na tsaron manyan hanyoyi, 994 na tsaron iyaka idan abin a teku ne. Rubuta su a takarda ka liƙa a mota, domin ranar firgita kai ba ya riƙe lamba.

In karo ne babu rauni kuma akwai ta'amin, Najm, kamfanin da ke duba hatsarin motoci masu ta'amin, ake kira ko a shiga manhajarsu. A ɗauki hotuna, sannan a janye motocin daga kan titi. In lalacewa ce, ka sauka daga kwalta sosai, ka kunna fitilun gargaɗi, ka fitar da iyali su tsaya nesa da titi, sannan ka nemi saɗaha, motar da ke ɗaukar mota. A yi cinikin kuɗinta a waya kafin ta taso, a kuma faɗa wa direban lambar allon kilomita mafi kusa da kai, domin "ina tsakanin Yanbu da Umluj" ba kwatance ba ne.